Wata Huɗu Ina Hulɗa da Shagon Abincin Rage Ƙiba: Abin da Ya Ci Kuɗinsa da Abin da Bai Ci Ba

A watan Satumban bara na je asibiti da kukan ciwon gwiwa da yawan haki idan na hau bene, sai likitar ta fara da abin da ban zo dominsa ba, wato ta ɗora ni a kan sikeli, ta auna tsawona, sannan ta yi lissafi a gabana a bayan katina. Nauyina ya kama kilo 88, tsawona kuma mita 1.62, da ta raba nauyin da tsawon har sau biyu sai aka sami 33.5. Ta bayyana mini cewa a wannan ma'auni da ake kira BMI, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar wanda ya kai 25 a matsayin mai nauyin da ya wuce kima, wanda ya kai 30 kuwa ya shiga sahun masu ƙibar da ke jawo cuta. Ta ƙara da cewa jinina ya fara hawa, kuma kafin a yi maganar ƙwayoyin da zan sha har ƙarshen rayuwa, gara in koma in duba abin da nake zubawa a tukunya.

Maganar tana da sauƙin faɗi a ofishin likita, amma ni malamar makaranta ce, gidanmu baki bakwai ne, maigidana kuma shi ma albashi yake jira. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 cefane ya zama abin da ake zama a yi wa lissafi, har ta kai a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Jadawalolin rage ƙiba da na riƙa gani a intanet kuwa cike suke da tuffa da man zaitun da ƙirjin kaza da hatsin gwangwani na ƙasar waje, abubuwan da ko na saya sau ɗaya ba zan iya maimaitawa ba, balle in ɗora wa kaina tukunya daban yara suna kallo. A wannan hali ne wata abokiyar aikina ta kai ni wani ƙaramin shago a ɓangarenmu na birnin Kano mai sayar da abin da ya kira abincin rage ƙiba na gida, na kuma yi hulɗa da shi daga Oktoba zuwa Janairu. Na bar sunansa ne domin irinsa sun fara yawa a manyan garuruwanmu, kuma abin da na gani a nan zai amfani duk wadda ke tunanin shiga ɗaya daga cikinsu.

Shagon ɗaki ɗaya ne da aka fitar daga jikin gidan mai shi, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya, tana da yarinya ɗaya mai taya ta awo da ɗaurin kaya. Tsaftarsa ba ta da abin kushewa, domin komai a rufe yake cikin leda ko roba mai murfi, kuma ban taɓa ganin ƙwaro ko ƙura a kan kanta ba duk da hazon da aka yi a watannin da na yi ina zuwa. Kayan da ke ciki sun haɗa da wankakkiyar acca, da garin tuwo na haɗi, da busasshen zogale, da kuka, da daddawa, da garin dabino, da wani ganyen shayi da aka rubuta wa "mai narka teɓa". Baya ga kayan akwai rajista ta wata guda, wadda kuɗinta bai kai na mudu biyu na shinkafa ba a lokacin da na biya. Wadda ta yi rajista tana samun jadawalin abinci a takarda, da ɗan ƙaramin kwanon roba, da cokalin awo, da damar hawa sikeli kowace Asabar, sannan a saka ta a zauren WhatsApp na masu hulɗa da shagon.

Abin da ya fara sa na ga mutuncin Hajiya shi ne ba ta miƙo mini kaya a ranar farko ba. Ta fara da faɗin cewa ita ba likita ba ce, kuma mai ciwon suga ko mai juna biyu ko mai shayarwa sai ta zo da yardar likitanta, sannan ta zaunar da ni ta sa na lissafa abin da nake ci daga asuba zuwa kwanciya, har da loma biyun da ake kaiwa baki a tsaye a madafa da ragowar yara da uwa ke ƙarasawa don kada a zubar. Bayan na gama sai ta yi mini tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba: "Malama, kwalbar man gyaɗa kwana nawa take yi miki?" Na tsaya na yi tunani na ce kwana huɗu, ban da man ja. Ta rubuta adadin a saman takardata ta ja masa layi biyu.

A kan wannan tambaya ce duk amfanin da na samu daga shagon ya ginu, saboda haka zan ɗan daɗe a kanta. Kowane giram na mai, na gyaɗa ne ko na ja ko man shanu ko ma man zaitun da ake yabo, yana ɗauke da kalori 9, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, alhali giram na sitaci ko sukari ko furotin kalori 4 ne kawai. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, kwalba mai santilita 75 kuwa ta haura kalori 6,000. Mu kuwa a girkinmu ba da cokali muke zuba mai ba, da ido muke zubawa, kuma an raine mu a kan cewa miyar da mai bai taso ya kwanta a samanta ba miyar rowa ce. Idan aka haɗa da suyar kayan miya, da man da ake kwarara wa shinkafa da wake ko ɗanwake, da ƙosai da awarar da suka sha mai a kasko, za a ga cewa wani babban kaso na abin da ke taruwa a jiki bai taɓa cika wa kowa ciki ba, domin mai ba ya ɗaukar wuri a tumbi. Umarnin Hajiya shi ne babban cokali uku a tukunyar miyar gida gaba ɗaya, a daina soya kayan miya sai dai a dafa su har ruwansu ya tsane kafin a sa man, kuma suya ta koma sau ɗaya a mako.

Na yi zaton za a yi mini bore a gida, kuma an yi na 'yan kwanaki, musamman a kan miyar dage-dage, wadda ita kam rashin mai yana nunawa a fuskarta. Sai dai miyar kuka da ta kuɓewa da ta karkashi ba su taɓa buƙatar mai da yawa ba tun asali, daddawa da busasshen kifi da citta ne ke ɗaga su, don haka na karkata ga waɗannan, kuma babu wanda ya lura da wani canji. Kafin ƙarshen wata na farko kwalbar da ke yin kwana huɗu ta koma yin tara. Wannan ne karo na farko da na ga shawarar lafiya ta rage mini kuɗin cefane maimakon ta ƙara, kuma rarar da aka samu daga mai kaɗai ta biya kuɗin rajistar har da saura.

Ɗan kwanon robar shi ne abu na biyu. Girmansa bai wuce dunƙulen hannuna ba, kuma ƙa'idar ita ce duk wani abinci mai sitaci, tuwo ne ko shinkafa ko taliya ko dambu, cikinsa ɗaya ake ci a zama guda, sauran wurin da ke cikin faranti kuma a cike rabinsa da ganye, ragowar da wake ko kifi ko ƙwai ko awara. Ranar da na fara kwashe tuwo da shi na ajiye kusa da malmalar da na saba ci, sai na ga tawa ta kusa ninka shi uku, kuma sau da yawa nakan ƙara. Mako biyun farko sun yi mini wuya ƙwarai, na riƙa tashi daga cin abinci ina jin kamar an katse mini magana, har sai da na gane cewa laifin nawa ne, domin na rage tuwon ban ƙara ganyen ba. Da na fara haɗa kwaɗon zogale ko na rama ko na kabeji mai yawa, da ƙuli-ƙuli kaɗan da albasa da tumatir ba tare da mai ba, in fara cinsa kafin in taɓa tuwon, sai yunwar ta kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace a rana, kuma a Kano wannan ba abin da ya gagari talaka ba ne idan ya bi lokaci. Da sanyi, lokacin da amfanin noman rani na Kura da Kadawa ke kwararowa kasuwar 'Yankaba, kabeji da karas da latas da tumatir suna araha, da damina kuwa, lokacin da tumatir ke tsada, ga rama da tafasa da lalo da alayyafo da zogale ɗanye. Wata rana wata dattijuwa da muka haɗu a shagon ta kalli kwanon ta ce ai wannan tsohuwar koyarwa ce aka zuba a roba, tana nufin hadisin da ya raba ciki kashi uku, na abinci da na abin sha da na numfashi.

Garin tuwon haɗi shi ne kayan da shagon ya fi alfahari da shi, kuma a nan ne ra'ayina ya rabu biyu. An haɗa shi ne da dawa da alkama da ɗan waken suya, ba a surfe hatsin ba, an dai wanke an shanya an niƙa da dusarsa. Tuwonsa yana da daɗi, yana da ɗan ƙamshin suya, launinsa ya fi na tuwon da muka saba duhu, yana tuƙuwa ba tare da gudaji ba, kuma yana kwana a yi ɗumame da shi bai saki ruwa ba. Na kuma tabbatar da cewa yana riƙe ciki fiye da tuwon shinkafa ko na masarar da aka surfe tas, kuma dalilin a fili yake, domin dusar da muke cirewa mu ba dabbobi ita ce ke ɗauke da faiba, wadda ke sa abinci ya daɗe yana narkewa, waken suya kuma yana ƙara furotin. Matsalar tana jikin ledar, inda aka rubuta cewa tuwo ne da ba ya sa ƙiba. Wannan ba gaskiya ba ne. Giram 100 na busasshen garin hatsi, dawa ce ko gero ko alkama ko masara ko shinkafa, yana ɗauke da kalori wajen 350, bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne, kuma na ga mata a zauren WhatsApp suna ƙorafin cewa wata guda suna cin garin amma sikeli bai motsa ba, da aka bincika sai aka tarar malmala biyu suke ci da zuciya ɗaya tunda an ce musu ba ya sa ƙiba.

Ta fuskar kuɗi kuma garin bai dace da mai ƙaramin ƙarfi ba. Ledar da ke yi wa gidana kwana uku kuɗinta ya sayi dawar da za ta yi mana mako guda, don haka bayan leda huɗu na tsaya na koyi haɗa nawa. Ni da abokan aikina uku muka haɗa kuɗi aka sayo mana buhun dawa a kasuwar Dawanau a lokacin kaka, sa'ad da sabon hatsi ya shigo farashi ya sauka, muka raba. Ina auna mudu huɗu na dawa, da ɗaya na alkama, da rabin mudu na waken suya da na ɗan soya a busasshen kasko har ƙarninsa ya fita, in wanke hatsin in shanya ya bushe sarai, sannan in kai inji in ce kada a surfa. Abin da na samu bai bambanta da na shagon ba sai a laushi, domin nasu ya fi nawa tankaɗuwa. Abin lura ɗaya shi ne garin da aka niƙa da dusarsa ba ya jure ajiya, yakan fara wari idan ya daɗe saboda man da ke cikin ƙwayar hatsin, don haka na mako biyu kawai nake niƙawa. Da na gaya wa Hajiya abin da na yi ban ga ɓacin rai a fuskarta ba, ita ce ma ta ba ni shawarar soya waken, kuma wannan ya ƙara mata daraja a idona.

Accar shagon ita ce abin da ba ni da yadda zan yi in kwaikwaya. Duk wadda ta taɓa sayen acca a kasuwa ta san cewa ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, kusan girmanta ɗaya da yashin da ke cakuɗe da ita tun daga masussuka, kuma regaye ta da ƙwarya biyu aiki ne na haƙuri da ruwa mai yawa, wanda kuskure kaɗan a cikinsa yake sa a tauna ƙasa a ɓata tukunya guda. Hajiya tana samo tata ne daga Filato, wadda tare da kudancin Bauchi da kudancin Kaduna ita ce cibiyar noman acca a Najeriya, kuma cikin leda shida da na saya ban ci karo da yashi ko sau ɗaya ba. Tana nuna cikin 'yan mintuna, abin da ke rage cin gas ko gawayi, tana kumbura sosai ta yadda kaɗan ke cika kwanon awo, kuma faten acca da alayyafo da yakuwa da ɗan wake shi ne abincin da ya fi yi mini daɗi a duk jadawalin, domin ruwa da ganye sun fi hatsin yawa a cikinsa. Ba ta da sinadarin danƙon nan na alkama da wasu cikkuna ba sa ɗauka, kuma darajarta ta ƙara fitowa tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, acca na cikinsu. Sai dai shahara tana zuwa da tsada. Acca ta fi dawa da gero kuɗi nesa ba kusa ba, wankakkiya kuma ta fi ta kasuwa, sannan ita ma sitaci ce, kalorinta bai yi ƙasa da na sauran hatsi ba duk da sunan da ta yi a bakin masu ciwon suga. A gida mai baki bakwai ba za ta zama abincin kullum ba, sau ɗaya a mako nake yin ta, kuma wadda ba ta da hali za ta sami kusan irin wannan biyan buƙata daga faten tsakin masara ko na dawa idan ta cika shi da ganye.

Jadawalin da aka ba ni yana da kyau a inda ya dogara da wake, kuma ya yi daidai da ya dogara da shi, tunda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin wakenmu a duniya, Nijar na biye da ita, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne. Alala da aka turara da mai kaɗan ta maye gurbin ƙosai, faten wake ya shigo sau biyu a mako, awara kuma aka ce a jefa ta a miya ba tare da an soya ba, abin da na ɗauka ba zai ciwu ba sai ga shi tana shan romo kamar nama. Inda jadawalin ya yi rauni shi ne karin kumallo, domin an cika shi da ƙwai biyu kullum da tuffa da madarar gwangwani, kamar an kwafo wannan shafin daga wani wuri dabam. Da na yi magana aka musanya mini da kokon gero marar sukari da alala, ko ɗumamen tuwo cikin kwanon awo, ko nono marar sukari da ɗan dambu, aka kuma sa gwaba da kankana da lemon zaƙi a madadin tuffa. Gyaran ya yi, amma sai wadda ta buɗe baki take samunsa, kuma na san mata da yawa za su karɓi takardar ne su ga ta fi ƙarfinsu su ajiye ta ba tare da sun ce komai ba.

Busasshen zogalen yana da tsafta kuma a inuwa aka shanya shi, shi ya sa bai rasa korensa ba, sai dai mai bishiyar zogale a gida ko a maƙwabta ba ta da dalilin sayensa. Daddawar tana da kyau sosai, kuma da ita na rage dunƙulen ɗanɗano daga shida zuwa biyu a tukunya, wanda ya zama dole ga mai hawan jini tunda gishiri ne ya fi yawa a cikin dunƙulen, ga shi kuma abin da aka yarda babba ya ci a rana bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Garin dabino kuwa ana sayar da shi ne da sunan madadin sukari, kuma a nan ma an bar mai saye cikin duhu. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, don haka wadda ta zuba cokali uku na garinsa a koko ba ta tsere wa komai ba, ta dai biya kuɗi mai yawa. Haka abin yake ga zuma. Abin da ya yi mini aiki shi ne janye zaƙin a hankali, daga cokali uku a shayi zuwa biyu zuwa ɗaya cikin mako shida, da barin lemon kwalba, wanda mai santilita 50 na irin baƙin nan ke ɗauke da sukarin da ya haura giram 50, daidai da iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini guda. Zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba yana shawuwa babu sukari idan ya yi sanyi, ko da yake yara har yau sai sun zuba nasu.

Shayin narka teɓa shi ne abin da na fi ƙi a shagon, kuma ina ganin bai kamata a ce yana kan kanta ɗaya da sauran kayan ba. Babu lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikinsa, babu jerin abin da aka haɗa shi da shi. Na sha shi kwana biyu saboda an ba ni ɗanɗano kyauta, na kwana ina murɗar ciki da zarya zuwa bayi, da na zazzage ganyen a tafin hannu kuma na ga filasko a ciki, wanda kowace Bahaushiya ta san maganin wanke ciki ne. Sikeli ya nuna na ragu da kilo guda, bayan kwana uku kilon ya dawo, domin ruwan jiki ne ya fita, kitse yana nan inda yake. Yawan shan filasko yana rage sinadarin fotasiyam a jini kuma yana sa hanji ya saba har ya kasa aiki da kansa, haɗarin kuma ya fi yawa ga masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Na ce mata, "Hajiya, wannan shayin yana zubar da ƙimar sauran aikinki." Ta amsa da cewa, "Malama, shi mutane suka fi tambaya, idan babu shi sai su wuce wani shagon." Na fahimci uzurin ɗan kasuwa a cikin amsar, amma ban karɓe shi ba. Abin ya tuna mini da yadda wasu 'yan mata ke shan ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe don su yi jiki kafin aure, domin gaggawa iri ɗaya ce ke kai wannan da waccan ga abin da zai cuce su.

Awon ranar Asabar ya taimaka mini fiye da yadda na zata, saboda sanin cewa akwai wadda za ta rubuta adadin a littafi yana sa hannu ya tsaya idan ya nufi ƙari. Hajiya ba ta yi wa kowa alkawarin abin mamaki, takan ce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa, wanda shi ne abin da likitata ma ta faɗa. Ta kuma dage a kan tafiyar ƙafa ta minti 30 sau biyar a mako, ni kuwa na cika tawa ta hanyar sauka daga adaidaita sahu tun kafin a kai makaranta, abin da ya rage mini kuɗin mota. Aibin awon shi ne sikelin a tsakiyar shago yake, yarinyar kuma takan faɗi adadin da ƙarfi kowa na ji, kuma na san mata biyu da suka daina zuwa saboda wannan kawai. Zauren WhatsApp ɗin ya fara da amfani, ana musayar dabarun girki, daga baya tallan kaya da saƙonnin magungunan da babu mai tantance su suka cika shi har na rufe sautinsa.

A ƙarshen Janairu nauyina ya sauka zuwa kilo 80, wato kilo 8 cikin kusan mako 17, har da mako uku na Disamba da sikeli ya tsaya cak saboda bukukuwan aure da suka jeru, inda ƙin cin abincin mutane kan zama abin magana. Lissafin likita ya koma 30.5, wanda ke nuna da sauran tafiya, amma gwiwata ta yi sauƙi, ina hawa bene ba tare da tsayawa ba, kuma an ɗage maganar fara shan maganin hawan jini zuwa awo na gaba. Sai da na sha tambayoyi daga dangi, domin a wajenmu matar aure idan ta rame akan fara zargin ciwo ko rashin kwanciyar hankali a gida, har wata gwaggona ta ja ni gefe ta tambaye ni ko maigida ne ya ƙuntata mini. Kuɗin cefanenmu na wata bai ƙaru ba, abin da aka rage a mai da sukari da lemo da dunƙule shi ya koma kan ganye da wake da busasshen kifi.

Ga wadda aljihunta ke da iyaka, rajistar wata ɗaya ko biyu ta ci kuɗinta, saboda tambayoyin ranar farko da kwanon awo da awon mako, daddawar ma haka, accar kuma idan da hali. Garin tuwon a saye shi sau ɗaya don a ji yadda ya kamata ya kasance sannan a haɗa na gida, garin dabino da shayin kuwa a bar su inda aka gan su. Ni na daina sabunta rajista tun watan uku, amma Hajiya ba ta hana ni hawa sikelinta ba idan na je sayayya. A zuwana na ƙarshe na tarar an matsar da sikelin bayan labule, shayin kuma yana nan a kan kanta, na sayi ledar acca ɗaya da daddawa, da sabon kwanon awo domin na farkon ya tsage.